Ƙwan Zabbin Inna a Hanyar Doso

Ɗiyata ta fari ba a ɗakina ta girma ba. Ana yaye ta Inna, mahaifiyata, ta goya ta zuwa ƙauyenmu kusa da Barmu, can ta zauna har ta isa shiga lakkal, wato makarantar boko. Shi ya sa har yau Yaya take ce mini, don ta tashi tana jin ƙannena suna kirana haka. Ni kuma, kamar sauran uwaye a wajenmu, ba na kama sunanta, ba na janta da hira gaban mutane. Iyakata in ɗinka mata riga in aje bisa gadonta in fita. Amma ita da Inna in suka haɗu sai ka toshe kunne, wannan ta ce tsohuwa mai rowa, waccan ta ce raguwa wadda ba ta iya daka ba.

Da ta gama karatu ta zama malama, ta yi aure, aka tura mijinta aiki Doso. Sun samu gida mai faɗin tsakar gida, har da wani tsohon akurki da masu gidan na da suka bari. Wata rana da hantsi, damina ta fara zama, ina bisa keken ɗinki a gidana nan Tawa, sai ga wayarta.

"Yaya, kazata ta fara kwanci. Ƙwan zabbin tsohuwar nan nake so."

Na ce, "Duk Doso babu zabbi?"

"Akwai. Ba irin nata ba ne."

Gaskiyarta. Zabbin Inna manya ne, ruwan toka, da farin ƙirji kamar an ɗaura musu ƙyalle. Wajen mahaifiyarta ta gaje su, kuma duk shekarun da aka yi fari aka saida awaki, ba ta taɓa bari irin ya ƙare ba. Cikinsu ɗiyar tawa ta yi rarrafe. Ina aje wayar na ji wani daɗi ya taso mini har wuya, na naɗe atamfar da nake ɗinki ko zaren ban yanke ba. Kaza mai kwanci ba ta jiran kowa, in aka daɗe sai ta tashi abinta.

Aika saƙo ba baƙon abu ba ne gare ni. Gidana kamar tasha yake ga danginmu. Albasa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, duk abin da ya fito ƙauye za shi Yamai ko Agadas ko wajen ƙannena da ke ci-rani a Abijan, ta hannuna yake bi, ni ke ɗaurewa in rubuta in kai mota. Sai dai ban taɓa aika abin da ake so ya isa da ransa ba.

Washegari na shiga motar Barmu. Na iske Inna tana tankaɗe a gindin rumbu, na faɗa mata abin da ya kawo ni.

"Mi kika ce? Wa ka son ƙwaina? Waccan da ko kaza ba ta iya kamawa? Ki ce mata ta taho ta ɗauka da kanta."

Tana faɗa tana miƙewa. Kafin in kwance ɗankwalina ta shiga ɗaki ta fito da wani dogon ludayi da ƙwarya.

Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, sai ta sulale cikin gona ta nemi duhuwa. Inna ta ce mu bar matan, mu sa wa namijin ido, don duk inda matarsa ta shiga yana nan kusa yana gadi. Muka bi bayan garken daga nesa, gero ya kai gwiwa, ƙasa da sanyin ruwan jiya. Can sai muka ga wani zabo ya ware ya hau kan gidan tururuwa yana miƙa wuya. Inna ta damƙe mini hannu.

"Duƙa! Ke, duƙa mana!"

Ni da jikokina sun kusa zuwa, ga ni durƙushe cikin gero ina danne dariya kamar yarinya. Da zabuwar ta fito suka wuce, muka lallaɓa gindin wata geza. Inna ta ɗaga reshe, sai ga rami cike da ƙwai, jaja-jaja masu ɗigo, don zabbi da yawa ke zubawa wuri guda. Wasu da zanen gawayi a jikinsu. Waɗannan tsofaffi ne, ita ta zana su don ta riƙa gane sababbi. Ta hana ni sa hannu, wai in zabuwa ta ji warin mutum ta bar ramin ke nan. Da ludayin ta riƙa ɗebo marasa zane ɗaya-ɗaya tana binnewa cikin geron da ke ƙwaryar.

Sai da na kwana biyu muna wannan farauta kafin mu tara ashirin da ɗoriya. Ran da zan koma, na fito na iske Inna ta yi wanka ta sa zanen fita, ga ƙwarya a gabanta, ga buhu ƙarami na ƙaiƙayi, ga wani ƙunshi.

"Ina zuwa, Inna?"

"Tawa. Ko kin zaci ke ɗaya zan bar ma ɗiyan mutane?"

A gidan gaba na mota ta zauna da ƙwaryar bisa cinya. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta juya ta harari direba, har ya fara ba ta haƙuri tun kafin ya kai ramin.

Da rana muka baje a rumfar tsakar gidana. Na leƙa shagon bakin layi neman kwali, mai shagon ya miƙo mini na sabulu, sabo fil. Na shinshina na mayar masa, don ƙwai yana shan wari. Na zaɓi na makaroni guda biyu masu kauri, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, yadda ƙaramin zai shige cikin babban.

Nan muka fara gardama. Inna ta ce a bar su cikin ƙwaryarsu da geronsu, a ɗaure da zane, haka ta ga ana yi tun tana yarinya.

Na ce, "Inna, bisa cinyarki ƙwarya ta yi. Amma Doso da nisa, kuma ba mu san hannu nawa za shi bi ba. Ƙwarya tana mirginawa, gero yana da nauyi, in aka karkata ta duk ya zube gefe guda."

Ta tsaya tana kallon kwalin kamar wani baƙon da ba ta yarda da shi ba. Sannan ta jawo buhun ƙaiƙayin.

"To ga wanga. Ba shi da nauyi, kuma ba shi riƙe zahi."

Muka daidaita a kan haka. Kowane ƙwai sai Inna ta ɗaga shi ga hasken rana ta duba ko da tsagu, ta goge da busasshen tsumma. Ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa da ruwa. Ni kuma na jawo kwandon da nake tara guntayen yadi na ɗinki, na riƙa naɗe su ɗaya-ɗaya, wannan cikin atamfa, wancan cikin shadda, wani ma ya samu leshi na wata amarya. Na yanka wani kwalin da almakashi na yi 'yan ɗakuna a cikin ƙaramin, kowane ƙwai da nasa, kada ya taɓa ɗan'uwansa. Ƙaiƙayi a ƙasa, ƙwai a tsaye, tsininsa ƙasa faɗinsa sama, ƙaiƙayi a gefe, ƙaiƙayi bisa. Kafin mu rufe Inna ta leƙa ta ga jere kala-kala, ta ce, "Ji su, sai ka ce 'yan yawon Salla."

Muka sa ƙaramin cikin babban, muka cusa sauran ƙaiƙayin tsakaninsu ta kowane gefe. Sai na ɗaga kwalin na kai kunne na ɗan girgiza.

"Ke! Kina hauka?"

"In ban girgiza ba mota za ta girgiza, Inna. Saurara."

Wani abu ya yi ƙwas daga kusurwa. Muka sake buɗewa, muka iske wani ɗan ƙarami yana da sarari a ɗakinsa, na ƙara masa ƙyalle. Na sake girgizawa, shiru, kamar babu kome a ciki. Sannan na bi gindin kwalin da bakinsa da sikoci, wato salatif, na huda 'yan ƙofofi a gefe da tsinin almakashi don iska ta shiga. Ban sa leda ba, leda tana sa ƙwai gumi. Na ɗaure da igiyar kaba a gicciye na yi mata mariƙi a sama, don duk wanda zai ɗauka hannunsa ya kai can da kansa, kada ya rungume shi a karkace.

Ƙunshin da Inna ta taho da shi kuwa, man shanu ne da cuku da daddawa, duk na jikar da take cewa ba ta so. Waɗannan kwalinsu dabam. Man shanun na rage shi daga wuyan kwalba don in ya narke yana tasowa, na rufe bakin da leda na ɗaure da robar tayar keke. Cukun, da yake busasshe ne falle-falle mai saurin karyewa, na jera shi tsakanin faifai biyu na ɗaure. Daddawar ta sha leda har uku, kada warinta ya kama sauran.

Saura rubutu. Na ɗauko marka baƙa, na fara shafe tsohon rubutun da ke jikin kwalin kada ya rikita mai karatu. Inna ta gyara zama tana murmushi.

"To, yau dai mu gani. Sunan wa za ki sa? Na ɗiyar hwari ko na suruki?"

Duka biyun ba na faɗinsu. Na ji kunya ta kama ni har na sunkuyar da kai. Amma alƙalami ba baki ba ne. Na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, cikakke, har da na mahaifinta, na sa Doso a ƙasa, na sa lambar wayarta, can gefe kuma tawa lambar da Tawa. Na daɗe ina kallon sunan nan. Ni na haife ta, amma ban taɓa ganin sunanta da rubutun hannuna da girma haka ba, kuma ya yi mini kyau ƙwarai. Na bi gefe huɗu da sama na rubuta da Faransanci cewa abu ne mai fashewa, na ƙara da Hausa: ƙwai ne, kada a kife, kada a ɗora kaya bisa. Na sake rubuta lambobin a wata 'yar takarda na tura ta ƙarƙashin murfin, ko da na waje ya goge.

Maigidana ya dawo daga sallar la'asar ya iske mu. Ya zagaya kwalin hannunsa a baya, ya ce, "Kin yi wa 'yan lakkal. Masu lodi da dattawan hanya fa, da yawansu allo suka yi." Ya karɓi markar ya durƙusa ya rubuta da ajami cewa ƙwai ne na ƙyanƙyasa, amana ne ga duk wanda ya riƙe shi.

Inna ta ce, "Mu da ba mu san ko ɗaya ba hwa?"

Sai na zana kibiya mai kallon sama a kowane gefe, na zana ƙwai, na ce bari in ƙara da zabuwa. Da na gama, maigidana ya ce buta ce, Inna ta ce a'a, raƙumi ne ya durƙusa. Muka yi ta dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Na bar ta haka, na bi duk rubutun da farin sikoci saboda ruwan sama, na ɗauki hoton kwalin da waya na tura Doso. Amsa ta dawo nan take: "Yaya, wace dabba ce wannan?"

Da sassafe muka isa tashar manyan motoci, ni da Inna. Mai karɓar saƙo ya auna kwalin man shanu, ya manna masa takarda, ya ba ni tawa, aka tura shi ƙarƙashin mota. Da ya zo ga na ƙwan ya karanta, sai ya dafa shi.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ƙasa akwai zafin inji, kuma kaya bisa kaya ake yi. In na ci ne da sai in ce mu gwada. Tunda na ƙyanƙyasa ne, ki nemi mai tafiya ya riƙe miki a hannu."

Na tsaya ina duban fasinjoji ina neman fuskar da na sani, babu. Sai na ji wata tana dariya a bayana. Mace ce doguwa da tabarau, tana nuna zanena.

"Wannan tsuntsu ne ko me?"

Hausarta da ɗan karkacewa irin ta mutanen yamma. Muka gaisa. Ashe ungozoma ce a wani gidan likita nan Tawa, 'yar Doso ce, za ta gida hutu. Na faɗa mata labarin, ban kai ƙarshe ba ta miƙo hannu ta kama mariƙin.

"Kawo, Hajiya. Aikina ke nan, kula da waɗanda ba su fito ba tukuna."

Muka karɓi lambar juna. Inna ta bi ta har ƙofar mota tana jera mata sharuɗɗa: kada rana ta taɓa shi ta taga, kada ta aje shi ƙasa kusa da ƙafafun mutane, in za ta sauka salla ta sauka da shi. Ungozomar tana ta cewa to Inna, to Inna. Motar ta tashi, muka hango ta ta gilashi da kwalin bisa cinya tana ɗaga mana hannu. Inna ta bi su da addu'a har suka sha kwana.

Ran nan ban iya aiki ba. Na zauna ga keke na haɗa hannun riga a baibai, na warware, na sake haɗawa a baibai. Da suka kai Ƙwanni ungozomar ta kira, ta ce ana ruwa amma ta lulluɓe kwalin da mayafinta, lafiya lau suke. Na faɗa wa Inna, ta ce a dama mata hura, yanzu ta ji yunwa.

Bayan azahar na kira ungozomar, ba a ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Na ce ko ta yi barci. Can wajen la'asar sai ga wayar ɗiyata daga tashar Doso.

"Yaya, mota ta iso. An ba ni kwalin man shanu. Amma babu matar, babu ƙwan."

Ta ce ta tambayi direba. Wata mai ciki ce naƙuda ta kama ta a hanya, da suka kai Dutsi ya tsaya ƙofar gidan likita, ungozomar ta sauka da ita a gaggauce, ba ta dawo ba. Kwali kuwa bai san inda ya yi ba, sun duba kujeru da ƙarƙashinsu babu.

Na aje wayar. Wa zai ga laifin wadda ta bar ƙwai ta bi rai? Inna ta aje ludayin hurarta, ta ce Allah ya sauki mai cikin lafiya. Muka zauna a rumfar da muka yi dariya jiya, ga guntayen ƙyalle da ƙaiƙayi ko sharewa ban yi ba.

Ba a jima sosai ba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wani ya ce shi mai shago ne a wani ƙauye gab da Doso, ga wani dattijo yana son magana da ni. Sai na ji murya mai kauri, da ƙarfi, irin ta wanda bai saba da waya ba.

"Salamu alaikum! Ke ce mai ƙwai?"

Na miƙe tsaye. "Ni ce, Baba! Ni ce!"

"To ki kwantar da hankalinki, suna wajena."

Ya ce shi ke zaune bayan ungozomar. Da abin ya taso ta juyo ta ɗora masa kwalin a cinya ta ce riƙe, Baba, ta fita da gudu. Ya duba ya ga ajami, ya karanta. Shi kuma ba Doso zai sauka ba, ƙauyensu kafin nan yake. Da aka zo wajen saukarsa ya dubi na kusa da shi, yana ta barci baki buɗe, ga wani mai buhu yana jiran kujerar. Ya ce a ransa abin da aka kira amana ba a barinsa bisa kujera. Sai ya sauka da shi, ya kai ɗakin matarsa ya aje kusa da randa inda ke da sanyi, kibiya tana kallon sama kamar yadda aka zana. Lambobin boko ne bai iya ba, shi ya sa ya kwafe su yadda ya gan su a bayan hannunsa ya taho wajen mai shago. Sun gwada ta Doso ana ta magana a kanta, sai suka kira ta Tawa.

Ban san sa'ad da na fara tsalle ba. Inna ta fizge wayar daga hannuna ta yi ta sa masa albarka, shi da matarsa da zuriyarsa, sannan ta rangaɗa guɗa a tsakar gidana. Maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu.

Surukina ya so ya hau moto, wato babur, ya ɗauko, ɗiyata ta ce sam, ba a kan wannan girgizar ba. Ya ari motar wani abokin aikinsa suka tafi tare. Ta ba ni labari daga baya cewa dattijon bai miƙa kwalin haka kawai ba. Sai da ya sa ta faɗi sunanta mai shago ya duba ya ce shi ne, ta kuma nuna masa hoton da na tura. Ya ga raƙumin nan nawa a waya, ya gan shi a kwali, sannan ya ce to, naki ne. Ya sa aka kawo musu ruwa da gyaɗa, ya rako su har bakin hanya.

Kafin magariba suka kira mu ta bidiyo daga tsakar gidansu. Muka haɗa kai ni da Inna da maigidana bisa 'yar wayar. Ɗiyata ta yanke igiya, ta ɗaga murfi, ta share ƙaiƙayi, ta fara kwance ƙyallaye. Duk wanda ta fiddo sai ta juya shi gaban wayar, mu kuma mu ce lafiya! Atamfa lafiya, shadda lafiya. Ɗaya tak ya yi ɗan tsagu, shi ma na kusurwa ne. Inna ta ce ta soya wa mijinta shi ladan tuƙi.

"Saura kuma kada ki sa ma kaza su yau," in ji ta. "Sun sha hanya. Ki bar su su huta har gobe da marece, sannan ki janye nata ki zuba mata waɗanga."

"Na ji, tsohuwa."

"Ba ki ji ba. Maimaita."

Washegari ungozomar ta kira tana ta ba da haƙuri, ta shagala da mai naƙuda ne, daga baya wayarta ta mutu ba caji. Matar ta haifi ɗiya mace, duk suna lafiya. Na ce mata babu abin haƙuri, na ba ta labarin dattijon, ta yi ta mamaki tana dariya.

Inna ta koma ƙauye saboda noma. Ni kuma na shiga jira. Ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa, sai ya kusa wata guda. Ni da ba na kiran ɗiyar nan sai da dalili, sai ga ni kullum da abin tambaya. Kazar tana tashi cin abinci? Tana komawa da wuri? Akurkin ba ya yoyo? Daga nan hira ta zarce zuwa ɗalibanta, da tsadar itace a Doso, da yadda take koyon Zabarmanci a kasuwa. Ban taɓa yin magana mai tsawo da ita kamar a watan nan ba.

Wata safiya ina shara sai saƙon murya ya shigo. Na danna. Babu gaisuwa, babu magana, sai wani ɗan kuka siriri, tsiyau-tsiyau-tsiyau, da yawa a haɗe, can ƙasa kuma kaza tana ƙoƙ-ƙoƙ. Sannan muryarta: "Yaya, sun fito! Suna ta fitowa!" Bidiyo ya biyo baya. Ga su nan ƙanana kamar a rufe a tafin hannu, jajayen ƙafafu, kawunansu da zane-zane, suna kutsawa ƙarƙashin fiffiken kazar suna fitowa ta ɗaya gefen. Sun fi rabin abin da muka aika nesa ba kusa ba.

Na jefar da tsintsiya. Maigidana ya ce in kira ƙanena da ke ƙauye ya faɗa wa Inna. Na ce a'a, wannan ba labarin aike ba ne. Na yafa mayafi na nufi tashar Barmu.

A gona na same ta, gero ya fi ta tsawo, tana tsinkar yakuwa a gefen kunya. Ta gan ni ta tsorata.

"Lahiya? Wa ya rasu?"

Sai na kara mata wayar a kunne. Ta tsaya cik da ganye a hannu. Da ya ƙare ta ce in sake. Na sake. Na nuna mata bidiyon, ta kare hasken rana da gefen zanenta, ta kai fuska dab da gilashin tana bin su da yatsa.

"Namu ne," in ji ta. "Dubi wancan mai tsere ma 'yan'uwanshi. Namu ne sak."

Ta zauna nan bisa kunya tana dariya tana share ido. Sannan ta ce yaya ake yi a mayar da magana cikin abin nan. Na nuna mata inda za ta danna ta riƙe. Inna da ba ta taɓa aika saƙon murya ba ta gyara murya kamar mai shela.

"Ke raguwa, kina jina? Kada ki bar su su fita da sahe cikin raɓa, sanyi ka kashe su. Ki sa mijinki shi nemo musu gara, ita suka fi so, ki haɗa da tsakin gero mai laushi. Ruwansu a faifan murhi mara zurhi, ki zuba tsakuwa ciki kada su nutse. Shaho kuma yana nan Doso kamar yadda yake nan. In kika bari ɗaya ya mutu da sakaci, ni da ke ne."

Ta saki, ta sake dannawa ta ƙara wani, ta tuna wani abu ta ƙara na uku. Tana cikin na huɗu rezo, wato layin waya, ya ɗauke, sai da muka hau kan tudun bayan gona muna ɗaga wayar sama kafin su tafi. Daga can muka gangaro gida da yakuwarmu, ta ɗora tukunya, ni kuma na zauna ina gyara mata ganyen.